Gajiyar gashin kansar mama tana sa la'asar ta wuce ni, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. An min aikin kansar mama, bayan nan aka min gashi, wato haska wurin da na'ura don kashe kansar, na sati 5, yanzu kusan wata 2 kenan da gamawa amma wallahi gajiyar bata sake ni ba. Da safe da dama-dama, asuba a tsaye nake yinta, amma da nayi azahar sai jikina ya mutu, in na kwanta wani lokaci sai dab da magariba ko bayanta nake farkawa, sai in haɗa la'asar da magariba a zaune. Wata 'yar'uwa tace min marar lafiya baya haɗa sallah, matafiyi ne kawai, kuma tunda an gama gashin bani da sauran uzuri, wai sai na rama duka. Ga azumin da na sha lokacin magani. Har tsoro nake ji ko lalaci ne ya kama ni.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya baki lafiya 'yar'uwa, ya sa kaffara ne.

Zan fara da maganarki ta ƙarshe, don ita ta fi tsaya min. Ba lalaci bane. Malalaciya bata tashi asuba ta tsaya da ƙafarta, kuma bata damuwa har ta rubuto tambaya. Wannan gajiyar likitoci sun santa sarai, tana cikin abin da yafi samun waɗanda aka yiwa gashi. Hasken da ake haska wurin yana kashe ƙwayoyin kansa amma yana taɓa lafiyayyun da ke kusa, jiki kuma sai ya kwashe ƙarfinsa wajen gyaransu, shi yasa bata zuwa ranar farko, taruwa take sati bayan sati, kuma sau da yawa tafi tsanani a ƙarshen gashin ko sati 1 zuwa 2 bayan an gama. Mafi yawa tana raguwa cikin makonni ko 'yan watanni, wasu kuma takan bisu fiye da shekara, musamman wadda aka yiwa kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, kafin nan. To kinga maganar "an gama gashi uzuri ya ƙare" bata da kai. Shari'a halin da jikinki yake ciki take dubawa, ba ranar da aka rufe fayil ɗinki a asibiti ba.

Sallah a zaune ga wanda tsayuwa ke wahalarwa, babu saɓani. Sai dai ke da bakinki kince da safe kina iya tsayuwa, don haka kowace sallah da hukuncinta: wadda kika iya ki tsaya, wadda sai kin jingina da bango ki jingina, wadda kika fara a tsaye jiri ya ɗebe ki ki zauna ki ƙarasa, sallarki tayi. Ki taƙaita sura.

Inda gyaran yake shine "la'asar da magariba". Waɗannan biyun ba a haɗa su, ba ga marar lafiya ba, ba ga matafiyi ba. Azahar da la'asar ake haɗawa, sai magariba da isha'i, asuba ita kaɗai take. Abin da kike yi sunansa ramuwa, la'asar ta fita kina barci kin farka kin yi ta. Waɗanda suka wuce babu laifi a kanki tunda barci ne ya rinjaye ki, kuma kin riga kin sallace su, ba zaki sake ko ɗaya ba. Amma yanzu da kika gane yadda jikinki yake yi, kin san in kika kwanta bayan azahar da wuya ki tashi cikin lokaci, to kar ki kwanta da la'asar a wuyanki. In lokacin azahar ya shiga kiyi alwala ɗaya, ki ƙudurta haɗawa, kiyi azahar raka'a 4 ki sallame, ki tashi kiyi la'asar raka'a 4, sannan ki kwanta hankalinki kwance. Raka'a 4 nace, babu ƙasaru, ragin raka'a na tafiya ne. Haka in dare ya miki nauyi ki jawo isha'i wajen magariba.

Sai maganar 'yar'uwar nan. Ba daga kanta ta ƙirƙira ba, akwai malamai manya da suka tafi a kan haka. Hanafiyya basa ganin haɗa sallah sai a Arfa da Muzdalifa, kuma mashhurin zance a mazhabar Shafi'i shine ba a haɗawa don ciwo. Hujjarsu Allah ya sanya wa sallah lokuta, kuma Annabi (SAW) yayi jinya ba a ruwaito ya haɗa ba. Ina girmama su, amma wannan ra'ayin mai rauni ne a wannan wurin, kuma ga dalili.

Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya haɗa azahar da la'asar, magariba da isha'i, a cikin Madina, ba tsoro ba ruwan sama, a wata ruwayar ba tafiya. Aka tambayi Ibn Abbas me yasa, yace don kar ya ƙuntata wa al'ummarsa. To dalilin kenan a fili, ɗauke ƙunci. In matafiyi mai lafiya garau an bashi wannan sauƙin, ta yaya za a hana matar da ɗaga hannu ta taje kanta ma aiki ne a wurinta? Masu hanawa sukan ce ai ba haɗawa ta gaske bace, ya jinkirta azahar ne zuwa ƙarshen lokacinta ya yi la'asar a farkon nata. Wannan fassarar tana rushe dalilin da Ibn Abbas ya bayar da kansa, don zaman gadin ƙarshen lokaci ana jiran daidai gaɓar da wannan zai fita wancan ya shiga yafi wahala a kan yin kowace a lokacinta, balle ke da matsalarki ita ce baki iya kai wa wannan lokacin ido biyu. Kuma shi mai ruwayar ya nuna yadda ya fahimta a aikace: wata rana yana yiwa mutane jawabi bayan la'asar har rana ta faɗi taurari suka fito, wani mutum yana ta cewa sallah, sallah, Ibn Abbas yace masa sunna zaka koya min? Ya kawo masa hadisin nan, kuma da aka je aka tambayi Abu Huraira ya gaskata shi. Ga kuma Hamnatu bint Jahsh da jinin ciwo ya dama, Annabi (SAW) ya bata zaɓin ta haɗa salloli biyu da wanka ɗaya, wannan ai ciwo ne ba tafiya ba. Cewa shi bai haɗa ba a jinyarsa baya zama hani, barin sauƙi ga mai iyawa baya goge sauƙin. Imam Malik ya yarda marar lafiyan da yake tsoron hankalinsa ya gushe a lokacin sallah ta biyu ya jawo ta wajen ta farko, Imam Ahmad ya faɗaɗa ga duk ciwon da rarrabawa ke wahalarwa, kuma Nawawi, duk da Bashafi'e ne, wannan ya zaɓa saboda ƙarfin dalilinsa. Wanda ya riƙi ra'ayin hani don kansa ba ruwanmu da shi, amma ya ɗora wa marar lafiya ramuwar sallolin wata biyu da shi, wannan ganganci ne.

Sai dai kar ya zama al'ada. Ranar da kika ji ƙarfi, ko akwai mai tashinki kuma kina tashi, kowace sallah ta koma gidanta.

Azumi: ramuwa ce a kanki ba ciyarwa ba, don gajiyar nan ana sa ran tafiyarta. Ba gaggawa, ba sai a jere ba, in kin murmure ki ɗauka ɗaya-ɗaya, kuma ki tambayi likitanki kafin ki fara. In har wani azumin ya riske ki baki samu iko ba saboda ciwo, babu komai a kanki sai ramuwar. Ciyarwa sai likita ya tabbatar ba zaki ƙara iyawa ba.

Baki tambaya ba amma zan faɗa. Dan Allah kar kice "ai gajiyar gashi ce" ki zauna a gida. Barcin da zai kwashe ki daga azahar zuwa magariba wata 2 bayan gamawa ya isa a duba. Ki gaya wa likita yadda kika gaya min, a auna jininki ko yayi ƙasa, a duba maƙogwaro, wato tayirod, musamman in gashin ya kai wajen ƙashin wuya, don yana iya rage aikinsa. In kina shan tamoxifen ko letrozole, magungunan da ake ba wasu masu kansar mama don kar ta dawo, suma suna kawo kasala, amma kar ki daina sha da kanki, ki faɗa a san yadda za a yi. In kuma kika ga numfashi na miki wuya, ko busasshen tari da zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, ko hannun ɓangaren ya kumbura, wannan ba na jiran ranar da aka baki bane, ki tafi.

Abin da zai baki mamaki, kwanciya yini guda ƙara gajiyar take. Abin da aka fi tabbatar da amfaninsa shine motsa jiki kaɗan-kaɗan, tafiyar minti 10 a lokacin da kike da ƙarfi, da safe kenan a wurinki, kina ƙarawa a hankali. Barcin rana ki gwada taƙaita shi zuwa kamar minti 30 da alam a waya, don dogon barcin rana shi ke cinye na dare, gobe kuma a tashi a gajiye. Ayyuka masu nauyi ki kai su safiya, sauran ki bari a taya ki, kuma kar kiji kunyar cewa "yau bazan iya ba".

Wajen wanka kar ki dirje fatar da aka gasa da sunan cuɗawa, ruwa mai ɗumi kaɗan da shafa hannu a hankali ya wadatar, in akwai rauni da bandeji ki shafa a kansa. Masu kawo miki jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ƙarin ƙarfi, ki gode musu amma kar ki sha sai likita ya gani. Ƙaho kuma kar a miki a wurin gashin, ko a hannun da aka cire kaluluwar hammatarsa.

Ga maigida da 'yan gida in suna karantawa: ganin ta gama zuwa asibiti baya nufin ta warke. Ku ɗauke mata aiki, wani ya riƙa tashinta sallah da tausasawa, ku daina ce mata ta cika son jiki. Wannan gashin na waje baya barin komai a jikinta da zai cutar da wani, ta ɗauki ɗanta, ta kwana da mijinta.

Ke kuma nafilolin da kika saba kika kasa, hadisi ya tabbata cewa bawa in yayi ciwo ana rubuta masa irin abin da yake yi yana lafiya, kiyi zikirinki a kwance. In kuma kika ga abin ya wuce gajiyar jiki, kuka ba dalili, komai ya fita ranki, shima ki gaya wa likita, ciwo ne mai magani kuma ba raunin imani bane.

Wallahu a'alam.