Ɗan'uwa, ni ma imperfecto ya taɓa ba ni kunya

Wallahi ina ganin tambayarka kan yadda ake juya aikatau na Sifaniyanci a imperfecto, wato sigar faɗin abin da aka saba yi ko ake cikin yi a da, sai da gabana ya faɗi. Ka ce hablaba da hablé suna rikita ka. Nawa ya fi naka muni.

A ajin yamma da nake zuwa bayan mun tashi daga gonar tumatir a Almeriya ta ƙasar Sifaniya, malamar ta ce kowa ya ba da labarin ƙuruciyarsa. Na miƙe da ƙarfina na ce "yo comaba tuwo todos los días", ina nufin "nakan ci tuwo kullum". Matar nan ta tuntsire da dariya, ta rubuta COMABA ɓaro-ɓaro a allo, ta ja masa layi biyu. Mutum ya yini a sunkuye cikin rumfar leda, zafi kamar gidan burodi, ya zo neman ilimi, a mai da shi abin wasa? Wata biyu cur ba ta kirana sai da "señor Comaba", na bayana suna taya ta. Har na yi mako uku ban leƙa ajin ba. Na yafe mata, amma mantawa kam a'a.

Abin haushi, ashe ba wuya. Wutsiya iri biyu ce kacal. Mai ƙarewa da ar, kamar hablar (yin magana), ka yanke ar ɗin ka sa aba: hablaba, hablabas, hablaba, hablábamos, hablabais, hablaban. Masu er da ir kuwa, kamar comer (ci) da vivir (rayuwa), tafiyarsu ɗaya, ía ake sa musu: comía, comías, comía, comíamos, comíais, comían. Haka vivía. Laifina ke nan, na ɗora wa comer wutsiyar da ba tasa ba. Kada ka manta da ɗan karan da ke kan í, ita wannan malamar tana rage maki a kansa.

Uku ne kawai masu taurin kai: ser ya koma era, ir ya koma iba, ver ya koma veía. Hatta dormir da pensar da ke wahalar da mutum a wasu lokutan, nan lafiya lau, dormía, pensaba. Kuma "ni" da "shi" siga ɗaya ce, in kana tsoron ruɗani ka sa yo a gaba.

Batun hablé, da Hausarka za ka warware shi. In a zuciyarka "nakan yi" ko "a lokacin ina yi" kake nufi, aba ko ía ne. In "na yi", an gama an tashi, to hablé, comí.

Don Allah kada ka bar aji saboda dariyar wani, ni na yi kuma ni na yi asara. Ka riƙa zama kusa da tsofaffi a tashar bas. Da sun ce "antes", wato "a da", to labarin da ne zai biyo baya, había, teníamos, trabajaba, har motarka ta zo. Wata tsohuwa mai sanda ce ta zaunar min da ía a kunne, ba ta ma san tana koyar da ni ba.