Hajiya tana cewa abu yana yawo a jikinta, likita kuma ba ya jin Hausa

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi: "Tun da mahaifinmu ya rasu wata bakwai da suka wuce Hajiyarmu ba ta barci, ta rame, kullum kukanta shi ne kanta yana zafi, wani abu yana yawo a jikinta. Sau biyu muka kai ta asibiti. Likitan kuwa, Turanci da Tonanci yake ji, jikanta ɗan shekara 14 ne ya yi tafinta, aka ba ta maganin zazzaɓi da na ciwon jiki. Yanzu dangi sun ce sammu ne, a kai ta wurin malam. Ina mafita?"

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya ba Hajiya lafiya. Ba zan sa wa ciwon suna ba tun da ban duba ta ba, amma abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon damuwa mai tsanani, wanda yakan biyo bayan babban rashi, kuma yana da magani.

Inda aka fara kuskure shi ne wurin tafinta. A aikinmu na lafiyar ƙwaƙwalwa babu gwajin jini ko hoton da zai nuna damuwa, maganar mara lafiya ita ce abin awonmu. Dattijuwar Bahaushiya kuwa da wuya ta buɗe baki ta ce tana cikin baƙin ciki, musamman a kan mutuwa, domin tana tsoron kada ya zama ta kasa haƙuri da ƙaddara. Sai jiki ya yi magana a madadinta: kai yana zafi, ƙirji ya yi nauyi, zuciya tana bugawa, abu yana tafiya ƙarƙashin fata. Idan yaro ya juya "kaina yana zafi" zuwa Turanci, abin da zai isa kunnen likita ciwon kai ne da zazzaɓi, shi kuma ya rubuta maganin abin da ya ji. Ga kunya kuma. Na sha ganin tsohuwa ta zauna gabana ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana amsa kowace tambaya da "alhamdu lillahi", sai da na sallami yaron da ya rako ta, na yi mata ta'aziyya da Hausa, na tambaye ta yadda ta yi takaba, sannan hawaye suka zubo, magana ta biyo baya. Wace kaka ce za ta faɗa a gaban jikanta cewa ta gaji da duniya?

Saboda haka ki koma da ita da kanki, ko da wata babbar mace da ta yarda da ita. Ki nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai shi a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, akwai kuma nas-nas na wannan fanni a asibitocin gwamnati da dama. Tun a teburin kati ki tambaya ko akwai ma'aikaciya mai jin Hausa, don 'ya'yan zango da yawa suna aikin jinya a garin nan. Idan ke ce za ki yi tafinta, ki faɗi kalamanta yadda ta furta su, kada ki gyara, kada ki taƙaita, kuma ki fara da labarin rasuwar. Ki roƙi a auna hawan jini da sukari da maƙoƙo, domin su ma sukan kawo irin waɗannan alamu.

Game da malam, ban ga dalilin raba gida biyu ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Gana ta 2012, mai lamba 846, ta san da zaman masu maganin gargajiya da na addini, ta kuma kare mara lafiya daga azabtarwa da wulaƙanci. An ma yi bincike a nan Kumasi da Ibadan, aka buga shi a mujallar likitanci ta Lancet a 2020, wanda ya nuna cewa masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi inda irin waɗannan masu magani suka haɗa hannu da ma'aikatan asibiti. Addu'a da karatun Alƙur'ani za su kwantar wa Hajiya da hankali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mari a ƙafa, da duka, da horon yunwa, da malamin da zai ce a zubar da ƙwayar asibiti. Duk wani jiƙo ko garin magani da aka ba ta, ki ɗauka ki nuna wa likita.

Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa, don haka kada a yanke ƙauna da wuri. Idan azumi ya zo tana kan magani, a tambayi likita yadda za a daidaita shan sa da sahur da buɗa-baki. Amma in kika ji ta ce gara ta bi mijinta, ko ta daina ci da sha, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta mata a kati.