Ga ƙanena mai zuwa Coventry, kan zancen yawon Landan

Salamu alaikum ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni. Alhamdulillahi da wannan dama ta musayar ɗalibai, zango ɗaya daga Satumba zuwa Janairu, Allah Ya sa albarka. Ka ce kana so ka ware Asabar da Lahadi ka je Landan ka ga gari, har ka turo min jerin wurare goma sha huɗu da ka rubuta, kuma kana tambaya ko za ka iya leƙawa Faris daga nan.

Faris dai a ajiye ta, bizar Ingila ba ta shigar da mai fasfo ɗin Najeriya Faransa, sai ka nemi ta Schengen daban, kuma wata huɗun nan ba su kai ka ɓata su a layin biza ba.

Landan kam ka je, wallahi ka je. Amma jerin nan naka ka yanke shi ya koma huɗu ko biyar. Zuwana na farko haka na yi irin naka, a watan Disamba ne, ina ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ina fita, in ɗauki hoto in ruga, ban ankara ba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, Azahar da La'asar duk sun wuce ni ina cikin rami ban sani ba, na dawo ɗaki ƙafa ta kumbura kuma in ka tambaye ni me na gani ba zan iya faɗa maka ba. Abin ya dame ni sosai, musamman sallar. Don haka ka je da wuri, cikin Oktoba kafin a mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta watan, lokacin yini da ɗan tsawo.

Daga Coventry jirgin ƙasa kamar awa ɗaya ne zuwa tashar Euston a Landan, bas kuma ya fi araha amma sai ka yi wajen awa biyu da rabi, zai sauke ka a Victoria. Ni bas nake ba ka shawara, ka sayi tikiti tun da sati biyu, ka bi na sassafe. In kuma jirgi kake so ka yi katin rangwamen matasa na 16-25 Railcard, yana rage kashi ɗaya cikin uku. A cikin gari bas ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014, katin banki ake ɗorawa ko katin sufuri na Oyster, kuma ka riƙa amfani da kati ɗaya duk yini don akwai iyakar abin da za su cira a rana.

To ga yadda nake kai baƙina, kuma duk a ƙafa ne. Daga Victoria minti goma sha biyar ka isa fadar Buckingham, ka tsaya bakin ƙarfe ka kalla, canjin masu gadi ba kullum ake yi ba sai ka duba ranar. Ka ratsa lambun St James's ka ɓullo Westminster, ga majalisa ga hasumiyar agogo ga kogin Thames. Big Ben sunan ƙararrawar ne da ke ciki, ka daure ka tsaya har ta buga, ni da na ji ta sai da tsigar jikina ta tashi don sautin nan na san shi a rediyo tun ina yaro. Daga nan ka miƙe Whitehall zuwa dandalin Trafalgar, ofishin jakadancin Najeriya na nan kusa a Northumberland Avenue, za ka hango tuta kore fari kore.

Wurin da ba ya cikin jerinka kuma shi na fi so ka je, Bush House ne a Aldwych, ka bi titin Strand kawai. Daga ginin nan Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya yi shekaru yana magana da mu har suka tashi a 2012, yanzu King's College ke amfani da shi. Ka tuna rediyon Baba mai jakar fata da yake ajiyewa kan tabarma bayan sallar Asuba, eriya a miƙe, yana murɗawa a hankali har a ce London take kira? Ranar da na tsaya gaban ƙofar nan, manyan ginshiƙai da mutum-mutumi biyu a sama, ɗalibai na ta wucewa da kofi a hannu ba wanda ya kula da ni, na kira Baba na ce masa ga ni a inda muryar take fitowa. Shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce in ɗauko masa hoton ƙofar. Har yau hoton na wayarsa.

Daga nan ka haura Kingsway zuwa British Museum, shiga kyauta ne, amma ka yi rajistar lokaci a intanet don layi. Kar ka ce za ka gama shi, ba mai gamawa. Ka sauka ƙasa ɗaki na 25 inda kayan Afirka suke, ka tsaya gaban tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwaso a 1897, shekara shida kafin su ci Kano da Sakkwato. Ka matsa kusa ka ga yadda maƙeran suka fitar da murjani a wuyan sarki ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ina fita da alfahari da ɓacin rai a haɗe duk zuwa, kai ma ka je ka ji naka.

Salla kuma ka tsara ta tun kafin ka fito, ka sa ƙaramar darduma a jaka. Babban masallacin Regent's Park mai ƙubba ruwan zinare yana kusa da tashar Baker Street. In yunwa ta kama ka ka wuce Whitechapel, ga Masallacin Gabashin Landan ga abincin halal na 'yan Bangladash mai sauƙin kuɗi, daga can Tower Bridge ba nisa, da daddare ta fi kyau. Babban lilon London Eye da gidan mutum-mutumi na Madame Tussauds ka bar su, kuɗin cefanenka na sati ne.

Kwana a Landan akwai tsada, in ba ka da wanda zai sauke ka gara ka koma a bas ɗin dare ka huta Lahadi. Ka lura tashar bas ta Victoria daban take da ta jirgi, akwai 'yar tafiya tsakaninsu, ka isa da rabin awa. Wayarka kar ka riƙe ta a bakin titi, masu keke na fizgewa, ka taho da abin cajin tafi-da-gidanka da rigar ruwa da takalmin da ka saba da shi. A matakalar lantarki ka tsaya dama, hagu na masu sauri ne.

In ka sa rana ka faɗa min da wuri in nemi hutu a wurin aiki mu tafi tare. Ka gaida Umma, ka ce mata yaji da kuka sun kusa ƙarewa.