Yaya, ga dalilin da ya sa muke wanke rufin ɗakin gilashi

Yaya, ina gaisuwa, ya iyali da su Inna? Ka ga hotona riƙe da doguwar sanda ina goge rufi, ka ce ashe a Ingila har rufi ake wankewa, ruwan saman da ba ya ƙarewa bai isa ba? To ai ruwan ne ma ke ɓata shi.

Ɗakin da ka gani ƙari ne a bayan gida, bango da rufi duk gilashi, Turawa na ce masa kwanzabatari. A Kano inuwa ake nema, a Manchesta kuwa hasken rana ne abin marmari. Cikin Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba. Shi ya sa Hausawan nan da suka samu gida mai irin wannan ɗaki suke ji da shi. Nan muke shanya, nan yara ke karatun allo ranar Asabar, nan ake shimfiɗa wa baƙi idan falo ya cika ranar Sallah. Sai dai kusan dukkanmu mun sa labule, don ba za mu bar iyali a idon maƙwabta ba.

Ƙurar hunturu ta gida kaɗewa kawai take so. Nan danshi ne shekara guda cur, sai gansakuka ta kama gilashin ya koma kore, ga kashin tsuntsaye, ɗakin ya yi duhu. Daga Oktoba zuwa Nuwamba ganye na zuba ya toshe indararo, ruwa ya taru ya bi gefen robar da ke riƙe gilashi ya shigo ciki. Shekarata ta farko na yi sakaci, sai da darduma ta jiƙe ta yi funfuna, na ji takaici ƙwarai. Ka tuna yadda Baba ke sa a yaɓe soro a share indararo kafin damina? Hankalin ɗaya ne, illa mu sau biyu muke yi, bayan sanyi ya wuce da kuma bayan ganye ya gama zuba.

Ba a taka rufin ko kusa, ba zai ɗauki mutum ba. Ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanoni, da burushi mai laushi a kan sanda, shi ke nan. Injin feshin ruwa mai ƙarfi yana ɗaga robar, daga nan yoyo ya fara. Wasu rufin ba gilashi ba ne, wata roba ce mai haske, ita kuwa bilic da soson ƙarfe suna dusashe ta har abada. Idan ka ga hazo a tsakanin gilashin mai ninki biyu, wanki ba zai yi magani ba, abin da ya liƙe gefensa ne ya lalace, sai an sauya wannan ɓangaren.

Akwai gilashin Pilkington Activ da ya fito a 2001, mai shafi a jiki wanda rana ke narkar da datti da shi ruwa ya ɗauraye. Yana rage aiki, amma ba ya kwashe ganye daga indararo.

Masu wankin taga na yi a biya su. Mu dai gayya muke yi: mutum uku ko huɗu, ɗaya ya riƙe tsani, mu bi gidajen juna, musamman na dattawa da waɗanda mazansu suka rasu. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu gidan wata Hajiya ce, ta riga ta ce za ta yi mana waina.