Hoton Halifa a Kan Dinari: Yadda Ya Zo da Yadda Ya Gushe

Tambaya: Malam, na ji an ce a farkon Musulunci akwai tsabar kuɗi masu ɗauke da hoton mutum, har da na halifa. Shin gaskiya ne, kuma me ya sa aka daina?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Lokacin da Musulmi suka ci Sham da Farisa ba su da kuɗin kansu, don haka suka ci gaba da buga irin wanda jama'a suka saba karɓa. A gabas, dirhamin azurfa ya riƙe fuskar Sarki Kisra na Biyu, da wurin bautar wuta na Majusawa a bayansa, sai dai aka ƙara "bismillah" a gefe. A Sham kuwa an kwaikwayi zinariyar Hirƙal, Sarkin Rumawa, amma gicciyen da ke tsaye bisa matakala an cire masa itacen da ya gitta, ya koma sanda zalla.

Wajen shekara ta 74 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinari mai hoton mutum a tsaye, da gemu da doguwar riga, hannunsa a kan takobin da ke cikin kube, wanda yawancin masana ke ɗauka shi ne halifan da kansa. A daidai wannan zamani Sarkin Rumawa, Jastiniyan na Biyu, ya sa siffar Annabi Isa a kan zinariyarsa. A lokacin da babu jarida, kuɗi ne ke kai maganar sarki kowace kasuwa.

A shekara ta 77, wato 696 zuwa 697, Abdulmalik ya share hoto gaba ɗaya, ya cika dinarin mai nauyin kusan giram 4.25 da kalmar shahada da lafuzzan Ƙulhuwallahu. Dirhami ya biyo baya a 79. A ganina ba ƙyamar hoto kaɗai ta kawo haka ba, domin wasu fadojin Umayyawa, zuriyar da Abdulmalik ya fito daga cikinta, cike suke da zanen mutane. Jimlar "bai haifa ba, ba a haife Shi ba" raddi ce kai tsaye ga aƙidar Rumawa.

Irin wannan dinari ya yi kwarjinin da har Sarki Offa na Mashiya, a Ingila, ya kwaikwayi na Halifa Mansur na shekara ta 157, ya cusa sunansa da haruffan Latin tsakanin layukan Larabcin, amma a kife, alamar maƙerin bai san abin da yake sassaƙawa ba.