Kwamfuresar AC ta mutu a tsakiyar bazara: sabuwa ko 'yar Beljiyam?

Wani direba daga Kano ya rubuto: "Assalamu alaikum Malam. Ina da Corolla ƙirar 2010, ina shata da ita, yawanci ɗauko baƙi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, wani lokaci tafiyar Kaduna ko Abuja. AC ya daina sanyi, mai gyara ya ce kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin AC, ce ta tafi. Ya ba ni zaɓi biyu: sabuwa a kwali, ko 'yar Beljiyam da ba ta kai rabin kuɗin sabuwar ba. Abin da ke hannuna na 'yar Beljiyam ne, sabuwa sai na ci bashi. Bara ma 'yar Beljiyam na sa, wata huɗu ta yi. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da sa'a. Maganarka ta ƙarshe ce ta fi ɗaukar hankalina. Kwamfuresar da ta mutu cikin wata huɗu, ko dai da ciwonta aka sayar maka da ita, ko kuma akwai abin da ke kashe su a cikin motarka. In na biyun ne, ko sabuwa fil ka ɗaura, hanyar da ta bara ta bi ita ma za ta bi, ga bashi a wuyanka.

Kafin ka fitar da ko sisi, a tabbatar maka kwamfuresar ce. Fiyus ya ƙone, AC zai yi shiru. Gas ya zurare ta wata 'yar ƙofa, zai yi shiru. Fankar kondensa, wato lagireton AC da ke gaban mota, ta daina juyawa, zai yi sanyi kana gudu, ka tsaya a danja ya koma hura zafi. Akwai kuma kulochin da ke goshin kwamfuresa, ko ɗan bawul na lantarki da ke jikin wasu, waɗanda ake canzawa su kaɗai ba tare da an taɓa uwar ba. Ka biya wani mai gyaran na biyu ya jona mita ya duba, kada ka gaya masa abin da na farko ya ce.

In ta tabbata ita ce, ka tsaya a wurin lokacin da za a kwance ta. Ka sa a tsiyaye man cikinta a kan farar takarda. Na taɓa tsayawa ana yin haka a kan tawa: man ya fito baƙi, yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa kwalli. Wannan ƙyallin garin ƙarfe ne, kwamfuresa ta ci kanta, kuma gas ya kwashi garin ya zagaya da shi cikin bututai. Mai gyaran da zai cire tsohuwa ya ɗaura wata, ya zuba gas, ya ce a kunna, ya bar maka wannan garin a ciki ke nan, yana jiran sabuwar. Aikin ƙwarai shi ne a wanke bututan, a canza matatar nan da suke kira draya, a canza bawul ɗin da ke sakin gas zuwa bututan sanyin da ke cikin mota, sau da yawa har da kondensa, domin hanyoyin cikinta sirara ne ƙwarai, wanki ba ya fitar da dattin. Daga nan a jona injin zuƙe iska na kamar rabin awa, a zuba man kwamfuresa irin wanda ya dace, a auna gas da sikeli. Motarka gas ɗin R134a take sha, kuma akwai takarda manne a ƙarƙashin bonat da ta faɗi giram nawa. Wanda zai zuba maka da ido, ko ya ɗauko gas ɗin firji ko na AC ɗin ɗaki don ya fi araha, ka ɗauki motarka ka tafi.

Ina kyautata zaton wannan aikin ne ba a yi maka bara ba. Don haka farashin da aka gaya maka ba shi ne kuɗin gyaran ba. Ka ce a yi maka lissafin komai a takarda ɗaya, kaya da kuɗin aiki, sannan ka kwatanta.

Yanzu lissafin kasuwanci. Kai sanyi kake sayarwa. Baƙon da ya sauko daga jirgi da babbar riga a watan Afrilu, rana ta haura maki 40, ba zai biya kuɗin shata ya zauna gilashi a buɗe ba, kuma ba zai sake kiran lambarka ba. Ɗauki littafinka, ka duba abin da kake samu a rana da AC, da abin da kake samu yanzu. A ce bambancin dubu 10 ne. Mako biyu kana jan ƙafa, dubu 140 ta tafi. Da wannan bambancin za ka raba ƙarin kuɗin sabuwar, ka ga kwana nawa za ta biya kanta. In bai wuce wata biyu ba, kuma za ka riƙe motar shekara biyu ko uku nan gaba, ni sabuwa zan saya, ko da kuwa zan roƙi kwasar adashi da wuri ko rance marar ruwa wurin ɗan'uwa. In kuwa niyyarka ka sayar da motar bayan damina, 'yar Beljiyam mai kyau ta isa, ka dai faɗa wa mai saye gaskiya.

Sai dai kwali ma yana ruɗi. Tun da naira ta faɗi a 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, jabu ya samu kasuwa. Denso ce ke yi wa Toyota yawancin kwamfuresocinta, amma ba duk kwalin da aka buga wa Denso ne nata ba. Wata 'yar Beljiyam ta asali ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba. Ka je kasuwar kayan gyara ta Kofar Ruwa da kanka tare da mai gyaran, da tsohuwar a hannu don a gwada lamba. In Beljiyam ce, ka duba an toshe bakunanta ko an bar su a buɗe ƙura da laima na shiga, ka juya ta da hannu ka ji ko tana cijewa, ka ga kalar manta. Garantin da za a ba ka a rubuta shi a rasit, da yawan kwanaki, domin in ta mutu mai kaya zai ce laifin mai gyara ne, mai gyara ya ce na mai kaya ne, kai kana tsakiya. Shi ya sa na fi son mutum ɗaya ya ɗauki alhakin kaya da aiki duka, kuma ka riƙe wani abu daga kuɗin aikin sai motar ta yi mako guda tana sanyi.

Abu ɗaya ya ɗan dame ni, Malam: motar da ke ci da kai ba ta da asusunta. Daga ranar da ta koma hanya, ka riƙa cire wani abu kullum ka ajiye da sunanta kafin ka cire na cefane. Taya huɗu ma suna nan suna jiranka.