Tambaya da Amsa: Sojan da aka kama a yaƙi, daidai ne a yaɗa bidiyonsa?

Tambaya: Salam Malam, don Allah a warware mana wata gardama. Na ga wani bidiyo a TikTok na yaƙin Rasha da Yukren, an kama wani soja, yaro ne ma wallahi, an ɗaure masa hannu ta baya ana ta masa tambayoyi ana dariya shi kuma yana kuka. Abokina ya ce ai yaƙi ba shi da doka, wanda ya faɗo hannunka sai yadda ka yi da shi. Wai haka ne? Daga ɗalibinku a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, ka faɗa wa abokin naka wannan karon bai canka ba. Cikin yarjejeniyoyin Jeniba guda huɗu na 1949, wato dokokin yaƙi da ƙasashen duniya suka amince da su, ta ukun kacokan kan fursunonin yaƙi take magana, kuma Rasha da Yukren duk sun amince da ita. Sashe na 13 ya ce dole a kare fursuna daga duka da zagi da kuma mai da shi abin kallon jama'a, to ka ga bidiyon nan da ka kalla ya faɗa ciki tsundum, kuma illar ba wulaƙancin kaɗai ba ce, fuskarsa ta zaga duniya, gobe in ya koma gida ana iya ce masa maci amana ko a takura wa iyalinsa. Tambayoyi kuwa, sashe na 17 ya ce abin da ya wajaba ya faɗa shi ne sunansa da muƙaminsa da ranar haihuwa da lambarsa ta soja, shikenan, in ya ja bakinsa ya yi shiru ba a da ikon azabtar da shi. Kuma da zarar an daina faɗa sai a sallame shi gida ba jan ƙafa.

Inda abokinka yake da ɗan gaskiya shi ne wajen aiki da dokar, kowa sai ta taɓa nasa yake tunawa da ita. A watan Maris na 2003 da aka nuna sojojin Amurka da Iraƙi ta kama a talabijin, nan take sakataren tsaronsu Donald Rumsfeld ya ce an keta Jeniba, amma a Disambar wannan shekarar dai su ne suka nuna wa duniya tsohon shugaban Iraƙi Saddam Hussein, bayan sun kama shi, ana haska masa tocila cikin baki.

Kai kuma in bidiyon ya sake biyowa ta wayarka, don Allah kar ka tura wa kowa.